Takalmin Dokin Kawu

Shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a Kafanchan, ban ga mutum ɗaya cikin mutanenmu da ya yarda a ɗauke shi yadda yake ba. Manomin da ya wuni a gonar citta zai shigo shagona da aron kwat, ya zauna ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya murtuke fuska kamar an kira shi gaban alƙali. In na ce ya yi murmushi, sai ya ce, "Madam, ai ba wasa na zo yi ba." A wurinmu hoto da ranar Lahadi duk ɗaya ne, sai an yi wanka, an shafa mai, an goge takalmi. Ni dai ban taɓa ƙorafi ba, tunda da shi nake ci. Amma duk cikin masu wannan ciwo babu wanda ya kamo ƙafar kawuna, wan mahaifiyata, da ke Godogodo. Shi kam saura ƙiris ciwon ya raba shi da gidansa.

Kawu ya faɗi a kan acaɓa shekarun baya, kwankwasonsa ya goce, aka ɗaura, bai koma daidai ba. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da sanda, gonarsa kuwa tana can ƙetaren rafi. Wani Bafulatani maƙwabcin gonar, wanda suka daɗe suna musayar dawa da nono, shi ne ya kawo masa wani guntun doki ja, mai sanyin hali, ya ce ya gwada. Gari ya ɗauka. Mata suka yi ta dariya a bakin famfo, matasa suka sa masa suna sarkin yaƙi. Kawu ko a jikinsa. Aka kife masa tsohon turmi a tsakar gida, yana takawa ya hau. Da dokin yake zuwa gona, da shi yake zuwa gaisuwar makoki, ranar Lahadi kuma ya ɗaure shi a gindin mangwaron coci ya shiga sujada. Yakan ce, "Wannan ba dabba ba ne, ƙafa na ne."

To, sai aka zo gyaran hanya, aka zuba tsakuwa aka malala kwalta a inda da ƙasa ce mai laushi. Kowa ya yi murna, har da ni, don na huta da wanke jar ƙura a gyale. Dokin ne bai yi murna ba. Kofatonsa na gaba na dama ya ci, ya tsage, ya fara ɗingishi, daga baya ya ƙi taka ƙafar sam. Kawu ya koma zaman kujera.

'Yarsa ta fari, yayata ke nan, nas ce a Abuja, kuma mace ce da ba ta magana biyu. Tun rasuwar mahaifiyarsu take neman hanyar ɗauke shi. Ya taɓa zuwa wurinta sau ɗaya, aka ajiye shi a bene, bayan taga mai ƙarfe, da talabijin a gabansa. Ya dawo ya rame, ya ce mini ko zakara bai ji ya yi cara ba a garin nan. Yanzu da dokin ya gurgunce, sai ta samu hujja. Ta ce tsoho ba ƙafa, ba mata, ba doki, zaman me yake yi? In ruwan farko ya sauka dokin bai tashi ba, za ta zo da mota ta tattara shi, a ba wani gonar. Kuma don Allah ban ga laifinta ba, tsoro take ji kada ya faɗi a ɗaki ba wanda ya sani. Shi kuwa ya bugo mini waya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "'Yar ƙanwa na, in aka kai ni wurin nan, ba zan ga Kirsimeti ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ina ba maƙwabcin shagona labari, wani mai sayar da kayan gyaran mota, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda Hausarsa ta fi tawa, sai ya ce ai takalmi za a yi wa dokin. Na ce takalmi kuma? Ya ce na ƙarfe, da ƙusa. Akwai wani maƙeri a Jere da yake kai wa gyaran sifirin ɗin mota, ya yi ƙuruciyarsa a bargar masu wasan ƙwallon doki a Kaduna, aikinsa ke nan a da. Ya kira mini shi nan take.

Malamin, wato maƙerin, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce Jere zuwa Godogodo ba nan kusa ba ne, ba zai rufe maƙera ya kwaso ƙarafa a banza ba. In tsagar ƙarama ce, hutu kawai doki ke so. In ta kai nama ta ruɓe, zuwansa ba amfani. In tana tsakani, to aikinsa ne. Ya ce, "Tunda ke mai hoto ce, ɗauko mini kofaton, gaba da gefe da ƙasa, in gani da idona."

Na buga wa Kawu na ce gobe ina tafe, zan ɗauki dokin hoto a tura wa wani mutum a Jere. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba.

Kai, jama'a! Da na shiga gidan nan washegari, sai da na tsaya na riƙe baki. An wanke doki da sabulu yana ta sheƙi. Matan maƙwabta sun kitse masa geza, sun ɗaura jan zare a bakin kowane kitso. An shimfiɗa masa zanen zumuntar matan coci na marigayiya matar Kawu a gadon baya. Kofatai huɗu sun sha man goge takalmi, baƙi wuluk, suna ƙyalli kamar na ɗan sanda ranar fareti. Ga Kawu a gefe cikin kwat ɗinsa na bikin aure, cikin zafin bazara, yana warin kafur, ya dafa sanda ya ɗaga haɓa.

Na ce, "Kawu, aure za a yi wa dokin?"

Ya ce, "Ke dai yi aikin ki. Baƙo ne zai gani."

Na yi ta mita ina cewa ƙafa kawai ake so, amma sai da na ɗauke su su biyu a tsaye tukuna ya bar ni na durƙusa. Ni ban san doki ba. Na duba kofaton, na ga wani ɗan siririn layi a ƙarƙashin baƙin man, na ɗauka gaba da gefe da ƙasa kamar yadda aka ce, na tura. Ba a jima ba malamin ya kira, na buɗe murya don Kawu ya ji. Yana dariya ya ce, "Malama, wannan kofato ai ya fi diddigena lafiya. Ɗan zane ne kawai. Ku bar shi ya huta, ba sai na zo ba. A gaida dattijo, a ce masa doki ya yi kyau."

Na kashe waya na ce to alhamdu, magana ta ƙare. Amma Kawu yana nan tsaye. Zufa tana bin wuyan kwat, ya kafa wa ƙasa ido. Na fara naɗe kayana, shi kuma ya ja ragamar zai mayar da dokin turke. Dokin ya yi taku ɗaya, ya dafa ƙafar da ƙyar, sai wani abu ya faɗo daga kofaton, dogo kamar ɗan yatsa, baƙi a waje fari a ciki. Wata kaza ta rugo ta caccake shi ta tofar. Na ɗauka na murza. Kyandir ne. An narka kyandir an cike tsagar, an shafe da mai. Inda ya fito kuwa, rami ne da zan iya sa makullin shagona a ciki.

Ran nan na manta wan uwata ne. Na ce, "Haba Kawu! Haba! Likita aka ce a nuna wa ciwo, ka rufe ciwon ka sa masa kwalliya? Ga shi nan ya ce ba zai zo ba. Sai ka shirya jakarka, Abuja ta kira ka!"

Ya zauna a kan turmin nan a hankali. Ya ce, "Hoto ne fa. Hoto ba ya mutuwa. Mutumin da bai san ni ba zai duba ya ce, dubi yadda tsohon nan ya bar dabba ya lalace. Ni da nake ba shi abinci kafin in ci." Wallahi duk fushin nan ya zube, tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "To zaɓi ɗaya, Kawu. Ko mutumin Jere ya ga ramin nan, ko ka je ka zauna a bene."

Ya tuɓe kwat ɗin ya rataye a jikin rumbu. Ya ce in miƙo masa wuƙar fere rogo da ruwan ɗumi. Ya zame ƙasa, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, da hannunsa ya kankare man da sauran kyandir ɗin tas, har tsagar ta fito fili da dattinta. Ni kuma na kwanta rubda ciki a cikin kashin doki, da atamfata mai kyau, na ɗauki hoto mafi muni da na taɓa ɗauka. Na tura. Wannan karon malamin bai yi dariya ba. Ya ce, "Yauwa, yanzu na ga doki. Kada a bari ya taka ruwa. Ina nan zuwa ran Asabar, amma ban yi alkawari ba sai na buɗe na gani."

Asabar ɗin da hadari ta waye, irin wanda ke haɗuwa ya watse kafin damina ta kankama. Yayata ma ta ga hadarin daga Abuja tun cikin mako, don haka ta riga maƙerin isowa. Ta buɗe bayan mota, na hango jakunkunan gana-mas-go sababbi, a ninke, babu komai a ciki. Kawu ma ya gani. Ya amsa gaisuwarta, ya tambayi jikoki, bai sake kallon motar ba.

Can sai ga malamin a bayan acaɓa, dogon mutum siriri mai furfura a gemu, da buhu a cinya. Ya sha ruwa, suka gaisa da Kawu kamar sun shekara da sanin juna, ya zazzage buhun. Ga guduma, ga awartaki, ga magagari, ga wuƙa mai lanƙwasa, ga ƙusoshi a gwangwanin madara, ga ƙarafan da ya lanƙwasa tun daga gida a kan abin da ya gani a hoto. Uwar maƙerarsa ta tafiya kuwa guntun ƙarfen layin dogo ne, ya ce tun jirgi na jirgi ya same shi. Ya tona ɗan rami, ya zuba gawayi, ya hura wuta.

Kawu ya ga na rataya kyamara, sai ya shige ɗaki ya fito da kwat. Yana matsowa dokin ya yi atishawa, ya kau da kai, ya fara tirjiya. Malamin ya ce, "Dattijo, wannan rigar ba ta san doki ba, shi ma bai san ta ba. Sa wadda kake zuwa gona da ita, ka riƙe mini kansa. In ya firgita ƙusa na hannuna, mu duka mun shiga uku." Haka Kawu ya koma cikin tsohuwar rigarsa mai yagaggen hammata, yana harara ta kamar ni na ce.

Na yi zaton na huta, ashe da saura. Malamin ya sunkuya, ya ɗaga ƙafar dokin ya matse ta tsakanin cinyoyinsa, na ɗaga kyamara, sai kawai ya saki ƙafar ya miƙe tsaye, ya karkaɗe riga, ya ce, "Tsaya in gyara hula." Na ce, "Malam, kai ma? Daga Jere har Godogodo ciwon ɗaya ne?" Yayata ta fashe da dariya, ita da ta zo da fuska a ɗaure. Na ce to na fasa, na sauke kyamarar, na zagaya bayan rumbu kamar mai neman inuwa. Daga nan na yi aikina, ba walƙiya, ba "a shirya", ba wanda ya san ina yi.

Ya fara fere ƙasan kofaton da wuƙar nan, farin ɓawo yana zubowa kamar ana kankare rogo. Yana fere yana dannawa da babban yatsa, yana kallon kunnen dokin. Sai ya iso tsagar. Ya bi ta a hankali yana ƙwaƙule datti, ya kai hanci ya sansana. Kawu ya rungume wuyan dokin, ya sa baki a kunnensa yana yi masa magana da yarenmu, irin maganar da ake yi wa jariri mai zazzaɓi. Ni kuma na jingina kyamarar da bangon rumbu, na ci gaba da ɗauka. Malamin ya ɗago ya ce, "Ba ta kai nama ba. Saura kaɗan, amma ba ta kai ba." Kawu ya ce, "Na gode Ubangiji," bai ko ɗago kai ba.

Sai aka shiga aikin wuta. Ya sa ƙarfen a gawayi har ya yi ja, ya ɗauko da awartaki ya ɗora a guntun dogon nan, ya daddake, ya gwada, ya mayar, ya sake daddakewa. Da ya manna shi da zafinsa a kofaton, hayaƙi ya turnuƙe, ƙauri ya cika gida irin na babbakar ƙafar saniya. Yayata ta yi ƙara ta ce zai ƙone shi. Malamin ya ce mata kofato farce ne, duba ki ga ko ya motsa. Dokin kuwa yana tsaye abinsa yana kaɗa wutsiya. Ya tsoma ƙarfen a ruwa ya yi cuu, ya jera ƙusoshi a leɓensa, yana zarowa ɗaya-ɗaya yana bugawa, kowace ta ɓullo ta gefe ya lanƙwasa bakinta ya datse. Ya kauce wa wurin tsagar, ya goge wani ɗan kwari a samanta da magagari don kada ta ci gaba da hawa. Ya yi wa ɗayar ƙafar gaban ita ma don su daidaita. Aikin ya ɗauki lokaci, rana ta take, hadarin ya watse.

Da ya gama aka ja dokin. Ya taka ƙafar, ya ɗaga, ya sake takawa. Ɗingishin ya ragu amma yana nan. Malamin ya wanke hannu ya ce gaskiya ɗaya ce, kada a hau shi yanzu. Sai sabon kofato ya tsiro daga sama ya turo tsagar ƙasa, kamar yadda farce ke yi. A ba shi makonni, zai dawo ya duba.

Yayata ta ce, "To ka ji, Baba. Bai warke ba. Ruwa kuma ga shi nan. Wa zai kai ka bayi, balle gona?" Ta juya ta nufi mota wajen jakunkunan nan.

Ni ba nas ba ce, balle in ja da ita. Na bi ta dai na ce, "Yaya, zo ki ga babanki kafin ki ɗauke shi." Na kunna mata kyamarar. Ta duba don kada ta ba ni kunya, tana wucewa da sauri, hayaƙi, guduma, bayan malamin. Sai ta tsaya a kan wani. Kawu ne cikin yagaggiyar riga, kuncinsa manne da na dokin, ido a rufe, bakinsa a buɗe yana magana. Duk hotunansa da ke falonta na mai kwat ne da haɓa a sama. Na ɗauka fuskar take kallo, ashe ƙasa take kallo. Ta ce in matso mata da wajen ƙafafunsa. Ta koma hoton baya, ta sake komawa na bayansa, har na farkon aikin.

Ta ce, "Ina sandarsa?"

Muka waiwaya tare. Sandar tana can yashe kusa da turmi, kaji na tsallake ta. Tun da malamin ya ce a riƙe masa kan doki Kawu ya yar da ita, kuma bai zauna ba har aka buga ƙusar ƙarshe. A kowane hoto yana tsaye a kan ƙafa biyu, har da mai ciwon. Yanzu ma ga shi can yana bin dokin zuwa turke, hannu ɗaya a gezarsa.

Yayata ta ce, "A gidana daga kujera zuwa tebur sai na riƙe shi." Ta share ido da bayan hannu, ta yi tsaki kamar wani ne ya sa ta kuka. Sannan ta kwaso jakunkunan duka, ta kai ta jibge a gaban babanta. Ta ce, "Ga su nan, a zuba irin citta. Amma ɗan maƙwabta zai riƙa kwana a gidan nan, kuma in na kira waya sau biyu ba ka ɗauka ba, Baba, ko da doki a kanka zan zo in ɗauke ka."

Kawu ya duba jakunkunan, ya duba ta, ya ce, "Sun yi ƙanana, amma za a yi maneji."

Na wanke hoton nan babba na kai masa. Ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko kwamfuta ba za ta iya ɗora masa kwat a kai ba. Na ce za ta iya, ni ce ba zan yi ba. Ya ce ni dai tun ina ƙarama ba ni da kunya. Ya sa aka buga ƙusa a falo aka rataye shi, ɗan nesa da sauran, wajen da ake gani daga ƙofa.

Maƙwabta ne suka dasa masa cittar a shekarar, yana zaune a gida yana aika musu da faɗa. Malamin ya dawo ya duba kamar yadda ya ce. Wata safiya, damina ta yi nisa, ina share shago, sai ga wayar Kawu. Na ɗauka na gaishe shi, bai amsa ba. Na ce halo, halo, Kawu lafiya? Sai na ji wani sauti daga can ƙasa, kamar ya sunkuyar da wayar wajen hanya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarfe a kan kwalta, taku huɗu daidai, babu wanda ya makara. Ya bar ni na saurara har na ƙoshi, sannan ya kashe bai ce uffan ba.

Ban ajiye tsintsiya ba yayata ta kira daga Abuja, hanci a toshe. Ta ce, "Ke ma ya kira ki?"

Na ce, "Ya kira."

Ta ce, "Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Yaya. Gona ya tafi."